Tagar Kudu

"Lafiya lau, amarya. Ya nauyin jiki?"

"Nauyi da sauƙi, tsoho. Ɗakinka ne babu sauƙi."

Saura wata biyu Rumasa'u ta haihu, kuma a ɗakin nan da kakanta Dawuda ya gina mata a unguwar Hindawiyya za ta yi zaman jego, kwana arba'in a tsakiyar zafin Makka. Tsohon magini ne, bara ya iso daga Kano ta hanyar Sudan, bai taho da komai ba sai taurin kai. Ya toshe gabas da arewa ruf, ya buɗe taga ɗaya tak a kudu. Ta leƙa ciki, ta juyo ta dube shi.

"Ɗaki na ce ka gina mini, ko tanderun gurasa?"

"Ji 'yar da aka haifa jiya. Shekara hamsin ina gini. Hadari daga gabas yake tasowa, sanyi mai fasa ƙafa daga arewa, iskar arziki daga kudu. Haka Allah ya tsara duniya."

"Haka dai ya tsara Kano. Nan iskar kudu sunanta aziyab, ya shehi, in ta taso ko kitsen akuya narkewa yake. Shamali ta arewa ita ce mai sanyaya rai, ita kuma ka yi wa katanga."

"Iska ai ɗaya ce. Ni na taho da ita, tare muka shiga jirgin ruwa a Sawakin."

"To a teku ta gudu ta bar ka, kamar yadda haƙoranka suka yi."

"Yau ɗin nan zan sake ki."

"Sake ni, amma daga cikin ɗakin. Shiga ka zauna har a kira la'asar. In ka iya, wallahi nan zan kwantar da jaririna."

Ya shiga yana hura hanci. Rumasa'u ta nemi inuwa ta zauna, baki na dariya, zuciya cike da tsoron kada tsohon ya daure. Ko rabin sa'a ba a yi ba sai ga rawani ya faɗo ta taga. Jim kaɗan riga ta biyo shi. Can sai ga mai ginin da kansa, sharkaf da gumi.

"Har la'asar ta yi ne, Sarkin Magina?"

"Iskar garinku ba ta da tarbiyya." Ya matse gemu, ya dubi cikinta, dariya ta kuɓuce masa. "Halas, shi ke nan, miƙo mini diga in fasa arewa. Ba don ke ba, mummuna. Ba zan gasa bawan Allah tun bai ga Ka'aba ba."