Ranar da na rina gemun surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rina wa surukina gemu a gaban dattawan Gwarzo ba.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, mai kuma ya yi wuya. Ni kuwa na dawo daga yawon Legas da Kwatano da wani ɗan tsarin tafiyar da kwamfuta da na rubuta da hannuna a faifai. Abu ɗaya ya iya: ya tashi, ya ce wa BIOS (maigadin da ke cikin na'ura tun daga kamfani) ya juya allo daga rubutu zuwa hoto.

Alhaji surukina ya sayo wa makarantarsa kwamfuta ɗaya tal, yana neman wanda zai damƙa wa. Ina so. Wani malami daga Kabo ma yana so. Sai na ce bari in burge, na sa hoton Alhaji a faifan, da farin gemunsa.

Ƙa'ida ita ce ka fara tambayar BIOS irin allon da zai iya ba ka, sannan ka zaɓa. Ban tambaya ba. Lambar irin allon da ta yi min aiki a wata na'ura a Legas kawai na cusa masa (wanda ya ga teku ai ya wuce tambaya).

Aka ta da janareto da man kwalba ɗaya. Dattawa suka cika benci, har da wani ɗan Hisba. Na zura faifai. Allo ya yi baƙi, ya yi kukan sauro, sai ga Alhaji. Fuska shuɗiya, gemu kore shar kamar gonar albasa, kai a karkace. Kuma su uku ne.

Ɗan Hisba ya yi a'uziyya a hankali.

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wanne ne ni a ciki?"

"Baba, duka kai ne."

"To madalla. 'Yata ta ce min kana da sana'a. Ba ta ce rini ba ne."

Na roƙi minti biyar in gyara. Janareto ya ba ni biyu.

Malamin Kabo ya samu kwamfuta, ni na samu suna. Har yau in na je gaisuwa, Alhaji sai ya shafa gemu ya ce, "Marini, ya koma fari fa, yaushe za ka zo?"

Tun daga ranar, ko na'ura ce sai na yi mata sallama, na tambayi abin da ke gidan, kafin in ce a zubo min.