Kwat Ɗin Manajoji

"Ni fa ko biri ka kawo mini, manaja zan mayar maka da shi."

Abin da Ƙyas mai hoto yake faɗa ke nan kullum a ƙofar shagonsa, yana shafa tumbi. Kada ka yi masa dariya da yawa, abokina, mu masu hoto duk haka muke, bakinmu ya fi kyamararmu girma. Sirrin gwanintarsa kuwa wata kwat ce ruwan toka, wadda dutsen guga ya taɓa ƙona wa kafaɗar hagu. Duk wanda ya zo hoton neman aiki, ita yake zura masa.

Ran nan wani kamfanin inshora zai buɗe sabon ofis, shugaban ya ce a ɗauki hotunan manajojinsa a jera a ɗakin karɓar baƙi. In aiki ya yi kyau, Ƙyas ya zama mai hoton kamfani na dindindin. Wayyo daɗi! Tun bai ɗauki ko ɗaya ba, gogan naka ya kori masu zuwa hoton fasfo, ya ce wa matarsa ta fara ɗaure kaya, sun gama zaman haya.

Manajoji suka riƙa zuwa ɗai-ɗai, kowa da kayansa masu kyau. Ƙyas sai ya yatsine fuska, ya raɗa wa mutum cewa akwai wata kwat ta musamman da ya ajiye dominsa shi kaɗai. Akanta siriri ne, ta zuba masa kamar buhu, aka tattare bayan da abin maƙale shanya. Manajan talla ƙato ne, maɓalli ya ƙi haɗuwa, ya riƙe numfashi har idanunsa suka yi ja. Manajar ma'aikata kuwa ta ce ita ba za ta sa ba.

"Ba komai, ranki ya daɗe," in ji Ƙyas. Tana fita ya ɗora kanta a kan kwat ɗin da kwamfuta.

Ka san abin haushin? Bai taɓa jera hotunan ya dube su tare ba. Kowanne ya fito, sai ya yaba wa kansa, ya naɗe.

Ranar buɗe ofis aka yaye labulen da ya rufe hotunan gaban manyan baƙi. Ga manajoji reras, kwat ɗaya, ƙuna ɗaya. Kowannensu ya saci kallon na kusa da shi. Wani dattijo cikin baƙin ya gyara tabarau ya tambayi shugaba a natse:

"Ranka ya daɗe, gobarar duk a kafaɗa ɗaya ta same su? Kun dai biya su ko?"

Ƙyas ya ji kunya har tafin ƙafarsa. A ransa ya ce, kai Ƙyas, ashe birin kai ne.

Shugaba bai yi faɗa ba. Ya ce har yanzu kamfani na buƙatar hoto guda. Zuciyar Ƙyas ta farfaɗo, ya fara zare kyamara.

Shugaba ya ce, "A'a, hoton naka ne. Maigadi zai manna a bakin ƙofa, don ya gane wanda ba a bari ya shiga."

Maigadi ya ɗaga waya. Ƙyas ya miƙe wuya, ya karkata haɓa, ya ce murya ƙasa-ƙasa:

"Ɗan matsa dama, baba. Hasken bai yi ba."