Ranar da Na Gyara wa Tsoho Kanal

Shekarar da jam'iyyu suka fara cika gari da lasifika, jami'a na rufe saboda yajin aiki, sai na dawo Maradi in ƙarasa bincikena kan yadda ake samo kuɗin manyan ayyukan gwamnati. Littattafai huɗu na karanta, amma ji nake ko minista ya samu wuri ya zauna in koya masa.

Na ari mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin yayana, na saka kwat, na nufi Jiratawa, inda gwamnati ta yi wani babban aikin noman rani. A bakin kanal, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, na tarar da manoma suna hutawa, cikinsu har da wani tsoho da laka ta kai masa gwiwa. Ba wanda ya tambaye ni, na fara jawabi.

"Baba, an sha wuya an samo kuɗi daga waje, an danƙa wa jahili. Dubi yadda kanal ɗin nan ya karkace!"

Tsohon ya gyaɗa kai. "Da kai ne, ɗana, ta ina za ka bi da shi?"

Na miƙa alƙalami na nuna masa hanya sambal.

"Can tudu ne," in ji shi. "Mun lallashi ruwa ya hau, ya ƙi. Ni ne jahilin da ya zana shi, kafin in aje aiki."

Manoma suka yi ta dariya har wani ya yar da fartanya. Labarin ya riga ni isa gida.

Har yau, in ruwan sama ya cika layinmu a unguwar Zariya ta Maradi, maƙwabta sai su ƙwanƙwasa ƙofata: "Injiniya, fito ka ce masa ya hau tudu!"