Enzayim a Durowa

A tarihin kimiyya ba a taɓa yin masanin da ya tsare kayan aikinsa kamar yadda na tsare enzayim ɗina ba, wato ruwan nan mai yanka DNA a daidai gaɓar da ake so. Wata huɗu na jira kafin ya iso Mubi, kuma a kansa digirina ya rataya. Da na ga kamar yana raguwa a firizar da kowa ke buɗewa, sai na kulle shi a durowata.

Bai sake yanka komai ba. Na ƙara yawansa, na ƙara masa awanni, shiru. Na tabbata da hannun wani a ciki, na shiga harar abokan aiki.

Madam Rifkatu, mai kula da ɗakin gwajin, ta gaji.

"Malam, wai ina kake ajiye shi?"

Na kaɗa mata makulli cikin alfahari.

"Durowa? A zafin Afrilu?" Ta nemi kujera ta zauna. "Ai ka dafa shi, ɗan'uwana."

Har yau in shayin wani ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, sai a ce ya kai sanyin firizar Malam, wato durowata. A jikin kwalbar enzayim ɗin kuwa an rubuta a ajiye cikin ƙanƙara, da manyan baƙaƙe.