Sarƙoƙin Alhaji Sule

Ina kewar shekarar da na sayi tirelata ta farko, lokacin da babu wanda ya kai ni sanin doka a duk garin Greensboro na Amurka. Wata uku kacal na yi ina jigila zuwa Charlotte, amma a shagon nama na Gate City Boulevard ni nake karantar da tsofaffin direbobi.

Da na samu lodin kujeru zuwa yammacin jihar Colorado a watan Satumba, Alhaji Sule, wanda ya tsufa a kan hanya, ya jawo sarƙoƙin taya daga but ɗin motarsa.

"Tafi da su, Malam. A can, daga Satumba dole su kasance a mota, saboda santsin ƙanƙara."

Na dubi gumin da ke goshinsa, na yi dariya. "Alhaji, ƙasar ɗaya ce fa. Lasina da inshorata ko'ina suna aiki."

Ya mayar da kayansa.

A gindin duwatsu wani jami'i ya tsayar da ni. Na miƙa masa takarduna a jere, ina taƙama. Ya yaba, sannan ya ce ina sarƙa. Na nuna masa sama, ko gajimare babu. Shi ma ya ɗaga kai ya duba cikin ladabi, ya ci ni tara. Lodin ya makara, masu shi ba su ƙara kirana ba.

Alhaji Sule ya ajiye tuƙi yanzu, ni nake kai shi Juma'a. Ko a zafin Yuli ne, sai ya leƙa but kafin ya shiga.

"Malam, haka za mu kama hanya ba sarƙa?"