Kwamfutar Ofishin Haihuwa Na Buƙatar Kula

Ta fito, jama'a, wallahi ta fito! Ga ta nan na sa ta a leda biyu don kada 'yar tawa ta jiƙa ta da yawu. Takardar haihuwarta nake nufi, wadda na yi sati shida ina bi. Asabar ɗin nan za mu hau mota mu je wurin babanta. Direban babbar mota ne, aiki ya riƙe shi can tsallaken iyaka, wata huɗu ke nan bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba, sai dai ya yi mata wasa ta waya ita kuma tana lasar gilashin. Hutun kwana biyar aka ba shi, in ya ƙare sai bayan wata shida. A iyaka kuwa ba a wucewa da jariri sai da takarda.

Tun ranar farko da na je ofishin haihuwa, antin da ke zama a taga ta gaya mana kwamfutar ofis ɗin zazzaɓi take yi. Da an kunna ta, ba a taɓa komai ba, sai wata 'yar lamba a gefen allo ta hau tamanin da biyar, ta hau casa'in. Ana danna harafi ɗaya sai ta ɗauke ɗif. Na tambaya ko wani aiki take yi a ɓoye, anti ta ce ko ɗaya, a zaune take zafinta. Ni dai ban ga laifinta ba, tarbiyyar gidan ce. Duk waɗanda ke benen sama haka suke, a zaune ba sa komai, kana yin sallama su ɗau zafi.

A satin farko sun kira mai gyara, maƙwabcinmu ne, Injiniya muke ce masa. Ba su bar shi ya taɓa ta ba, wai ba shi da izinin taɓa kayan hukuma. Daga nesa ya leƙa, ya saurari kukan fankarta, ya rubuta layi ɗaya a takarda: tana buƙatar kula mai kyau. Takarda ta hau bene.

Mai Girma Babban Darakta, Allah ya ƙara wa kujerarsa juyi, bai yi wasa da lamarin talakawa ba. Nan take ya kafa kwamiti na mutum tara, kwamiti kuma ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya suka ce ai maganar a fili take, kulawa ce baiwar Allah ta rasa. Aka naɗa Babban Jami'in Kula da Kwamfuta, aka ba shi tebur da hatimi. Kullum da safe sai ya tambaye ta ya jiki, ya gyara mata bargon da aka saya mata, mai laushi, don kada iska ta buge ta. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, kular abinci ake nufi. Aka sayo kuloli goma sha biyu masu zanen fure. Sha ɗaya suna gidajen 'yan kwamiti ana gwada ingancinsu, ta sha biyun kuma, wata ƙatuwa irin ta taron biki, ita aka kawo ofis. Don kada ran kowa ya ɓaci, Mai Girma ya yi adalci: a naɗe kwamfutar da bargo, sannan a sa ta cikin kula a rufe, a huda gefe don wayoyi su fita. Irin wannan basirar ba a aji ake koyonta ba.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya, amma na san in na zuba shinkafa a kula da safe, har la'asar tana ƙona hannu.

To yau Laraba na sake komawa, 'yata a baya, mu masu goyo mun kai arba'in a baranda. Manyan duk sun tafi otal taron ƙara wa juna sani kan sanyaya na'ura, sai Babban Jami'in Kula aka bari. Ya buɗe murfin kular zai duba mai jiki, sai wani tururi ya bugo har taga. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa ranka ya daɗe, ko a asibiti in yaro na zazzaɓi rage masa kaya ake yi, ba a ƙara masa bargo.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Baiwar Allah, kina da takardar shaida a fannin kula?"

"Ina da kula uku a gida da 'ya ɗaya, yallaɓai, kuma ban taɓa sa ta a ciki ba."

Matan baranda suka kwashe da dariya. Anti mai taga ba ta yi dariya ba, ita da ta yi sati shida tana shan zagi a madadin na sama. Ta ja labulen taga, ta ce in ina da lambar maƙwabcin nan namu in kira shi yanzu, ya zo da abin da yake nufi.

Injiniya na isowa anti ta buɗe ƙofa muka bi shi ciki, ashe akwai kula ta uku. Wani ƙarfe ne mai haƙora kamar matajin kai, da fanka a manne, da bututu huɗu na jan ƙarfe. Injiniya ya ce a cikin kwamfuta akwai wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba, shi ne ƙwaƙwalwarta, shi ke zafi, wannan ƙarfen kuma a kansa ake ɗorawa ya zuƙe zafin, fanka ta hure shi waje. Iri biyu ya zo da su. Ya auna cikin kwamfutar da tef ya ajiye babbar, ya ce in ya sa ta murfi ba zai rufu ba. Ya ce akwai ma wata mai aiki da ruwa, amma ya roƙe mu kada kalmar ta hau bene, don kafin Juma'a za a fara haƙa rijiya a tsakiyar ofis.

Yana ɗaga sukundireba Babban Jami'i ya tare gaba, ya buɗe hannaye, ya ce babu mai taɓa mai jiki sai da sa hannun kwamiti. Ni kuma ganin hannaye biyu a buɗe, sai na kwance goyo na ɗora masa.

"Riƙe mini ita, yallaɓai, ai kai ne mai kula."

'Yar albarka ta kama gemunsa da hannu ɗaya, tabarau da ɗayan. Ya rasa inda zai ajiye ta, tebur cike da fayil, ƙasa kuma ba dama, mata arba'in na kallo. Haka ya tsaya yana jijjiga ta yana faɗin wannan saɓa doka ne, a hankali yake faɗi don ta fara lumshe ido.

Injiniya ya fiddo kwamfutar, ya yaye bargo, ya buɗe ta. Tsohuwar fankar 'yar mitsitsiya ce, ƙura da gashin bargo sun cushe ta, man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar ya bushe kamar tsohon man goge baki. Ya goge, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ɗaura sabuwar kula, ya kunna. Lamba ta tsaya a talatin da bakwai, daidai jikin mai lafiya. Anti ta danna harafi ɗaya, ta danna na biyu, kwamfuta ba ta ɗauke ba. Takardar 'yata ce ta fara fitowa, tunda har lokacin 'yar tawa tana hannun hukuma, kuma yallaɓai da bakinsa ya ce a sallami uwar yarinyar nan kafin kafaɗarsa ta cire.

Yanzu ga abin da nake so ku taimaka da shi. Ina fitowa na ga ana manna sanarwa a ƙofa. Labari ya kai otal, Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai da nasarar da ya samu, ranar Litinin zai ƙaddamar da sabuwar kular da kansa. Za a cire ta daga jikin kwamfutar a sa ta a akwatin gilashi don manyan baƙi su gani, kuma za ta zaga sauran ofisoshi na tsawon wata uku. Don haka duk mai goyon da kuka sani, ƙanwa ce ko maƙwabciya, ku tura mata wannan, ku ce ta je gobe ko jibi tun da safe, kafin a zo a taya mu murna.