Kwamfutocin Malam Peniasi

"Ya ƙarin haƙuri, mummuna?"

Waisake ne, yana sauke buhun gwaza a ƙofar aji. Kwana goma ke nan da muka binne Malam Peniasi, kuma a tsibirinmu na Kadavu ba mai yi wa 'yar mamaci irin wannan gaisuwa sai taubashinta. Unaisi, 'yar marigayin, na zaune gaban kwamfutoci shida da mahaifinta ya ɗora wa manhajar Linux. Shi kaɗai ya san kansu. An ce in ba a samu mai iya su ba kafin Litinin, jirgin ruwa zai kwashe su zuwa wata makarantar.

"Da godiya, ƙaton banza. Abincin makoki ka biyo?"

"Kallo na zo. An ce kwana uku kina danne-danne."

"Neman bayani nake, na gaji. Bidiyo ya cinye min data mutumin bai gama gaisuwa ba. Wani shafin kuma ya girmi haƙoranka. Sai na shiga dandalin masanan manhajar a intanet."

"Me kika rubuta?"

"Sunan ƙauyenmu, da zuri'armu, da neman iso."

"Tambayar fa?"

"Daga zuwa sai roƙo? Ai ni ba kai ba ce."

Waisake ya riƙe ciki don dariya. "Suka ce me?"

"Wai in je in karanta littafin jagora. Wanne? Sun fi dubu." Muryarta ta karye. "Baba ya ce in zauna ya koya min. Na ce sai an yi hutu."

Ina gefe a ajin, ina jin su. Ni kaina tausayi ya sa na kau da kai.

"Kin san ni ɓarawo ne," in ji Waisake a hankali.

"Har kifayen teku sun sani."

"Ɗan ƙanwa ba ya sata a gidan kawunsa, ɗauka yake yi, al'ada ta ba shi. Bara na ɗauke wannan don in ga faɗan Kawu. Bai yi ba. Cewa ya yi in karanta."

Ya zaro littafin rubutu daga riga, bangon duk ya ci gishiri. Rubutun Malam ne, da yarenmu, tun daga inda ake kunnawa.

"Ka karanta?"

"Shafi biyu, barci ya sace ni."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar rasuwar, hawaye na zuba. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta miƙa masa.

"Jawo kujera, jaki. Karanto min, ni in danna. Idona ba ya gani."